Neman Ƙauyen Kaka: Yadda Jikokin 'Yan Ayilan Ke Bin Sawun Asalinsu ta Takardu da Gwajin DNA

Ranar 1 ga Janairun 1892, wata budurwa 'yar shekara 17 daga gundumar Cork ta ƙasar Ayilan mai suna Annie Moore ta sauko daga jirgin ruwa da ƙannenta maza biyu, ta zama mutum na farko da aka yi wa rajista a sabuwar tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis da ke New York. Har tsabar zinare ta dala goma aka ba ta. Yau akwai mutum-mutuminta a tashar jirgin ruwa ta Cobh inda ta taso, akwai wani a tsibirin Ellis. Duk da wannan suna da ta yi, an kwashe shekaru ana ba da labarin cewa ta nausa yamma, ta yi aure, ta rasu a Texas. Sai a 2006 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Megan Smolenyak suka gano cewa Annie Moore ta Texas a jihar Illinois aka haife ta, ba ta taɓa hawan wannan jirgi ba. Ta gaskiyar ba ta bar unguwar talakawa ta ƙasan Manhattan ba har ta rasu a 1924, aka binne ta a maƙabartar Calvary da ke Queens, a kabarin da ko alama babu. Kama da wane ba ta wane.

To, idan wadda jaridu suka buga labarinta ta ɓace haka, ina ga leburan da ya sauka a Boston a 1849 da ƙunshin tsumma, bai iya rubuta sunansa ba?

Masu wannan nema ba kaɗan ba ne. A Amurka kaɗai sama da mutum miliyan 30 ke cewa suna da asali a Ayilan, alhali jama'ar Jamhuriyar Ayilan ɗin kanta a ƙidayar 2022 kimanin miliyan 5.1 ce. Akwai wasu miliyoyin a Birtaniya, Kanada da Ostireliya. Babban abin da ya tarwatsa su shi ne yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da wata cuta ta ruɓar da dankalin turawa, abincin da talakan ƙasar ya dogara da shi, wannan dai da ake kira "Airish" a kasuwannin Jos. Ƙasar da ƙidayar 1841 ta nuna tana da mutum sama da miliyan takwas ta rasa kimanin miliyan ɗaya ga yunwa da annoba, fiye da miliyan ɗaya kuma suka tsallake teku. Hijirar ba ta tsaya ba har bayan shekaru masu yawa.

Abin da jikan baƙo ke nema, in an tace maganar, kalma ɗaya ce: sunan ƙauye. Tsibirin Ayilan gaba ɗayansa gundumomi 32 ne, ƙarƙashinsu akwai ikilisiyoyi, ƙarƙashin waɗannan kuma akwai 'yan ƙananan yankuna da suke kira townland, sun haura dubu sittin. Wani bai wuce gonaki kaɗan da gidaje biyar ko shida ba. Da wannan suna ake rubuta adireshin mutumin karkara, da shi aka jera littattafan haraji da na ƙidaya. Wanda ya ce kakansa "ɗan Ayilan ne, Murphy sunansa" bai faɗi komai ba, don Murphy ne sunan dangi mafi yawa a ƙasar, Kelly na biye. Ko da ya san gunduma, Patrick Murphy na Cork allura ce cikin ruwa. Amma da zarar sunan ƙauye ya fito, littattafai sai su fara buɗe baki.

Akwai maganar da ake yawan jefa wa sabon mai nema, wai takardun Ayilan duk sun ƙone. Rabinta gaskiya ne. A ƙarshen Yunin 1922, da yaƙin basasa ya ɓarke, sojojin sabuwar gwamnati suka yi ruwan wuta kan masu adawa da yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya, waɗanda suka mamaye ginin manyan kotuna na Four Courts a Dublin. Ranar 30 ga watan wata gagarumar fashewa da gobara suka cinye ma'ajiyar takardun gwamnati da ke cikin harabar, tarin da aka yi wajen ƙarni bakwai ana yi. A nan ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851 suka tafi, sai 'yan gutsattsari. A nan wasiyyoyi suka tafi, da littattafan baftisma da na aure na ikilisiyoyi kusan dubu na Cocin Ayilan, wato cocin Angalika na ƙasar, wanda da yake shi ne cocin gwamnati aka ɗauki littattafansa a matsayin takardun hukuma aka kai ajiya. Abin takaicin ma shi ne ƙidaya huɗu da suka biyo baya ba wuta ce ta ci su ba, gwamnati ce da hannunta: na 1861 da 1871 an lalata su ba da daɗewa da kammalawa ba, na 1881 da 1891 kuma an niƙe su a lokacin yaƙin duniya na farko.

Ɗaya rabin maganar kuwa shafa labari shuni ne. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati a wani ofishi daban take, ba abin da ya same ta. Littattafan cocin Katolika, wanda shi ne na akasarin masu hijira, suna hannun limaman coci a ƙauyukansu, don gwamnati ba ta taɓa ɗaukarsu nata ba. Wariyar da aka nuna musu ita ta cece su. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan cif, kyauta a intanet. A 2022 ma, da gobarar ta cika shekara ɗari, masana a Kwalejin Trinity ta Dublin da abokan aikinsu sun buɗe wata ma'ajiya a intanet da ke tattaro kwafe-kwafen takardun da suka ƙone daga ɗakunan ajiya na ƙasashe daban-daban.

Sai dai a ganina kuskuren da ya fi yawa ba na takardun da suka ƙone ba ne, na gaggawa ne. Mutum ya ji kakansa ɗan Ayilan ne, sai ya faɗa cikin littattafan Ayilan kai-tsaye, ya ga wani mai suna iri ɗaya da shekarar haihuwa ta kusa, ya rungume shi. Alhali sunan ƙauyen nan kusan kullum a ƙasar da baƙon ya sauka ake samunsa, ba a ƙasar da ya baro ba. A zamanin yunwa Ayilan ba ta rubuta masu fita ba. Ƙasar da ta karɓe su ita ta yi ta yi musu tambayoyi, a banki, a coci, a kotu, a barikin soja, a maƙabarta.

Jerin fasinjojin jirgi shi kowa ke fara nema, kuma shi ya fi ba da haushi. Amurka ta fara tilasta ajiye shi daga 1820, amma a zamanin yunwa abin da ke ciki suna ne, shekaru, sana'a, da kalmar "Ireland". Da yawansu ma daga Liverpool suka hau jirgi, wasu ta Kanada suka shiga, ta tsibirin killace marasa lafiya na Grosse Île inda aka binne sama da mutum dubu biyar a 1847 kaɗai. Sai daga 1907 jerin ya fara ɗaukar suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da aka baro a gida. Wanda kakansa ya zo bayan nan ya huta. Haka takardun zama ɗan ƙasa: daga ƙarshen 1906 suka zama masu cikakken bayani, kafin nan sai abin da magatakardan kotu ya ga damar rubutawa.

Inda zumar take, wurare ne da ba a zato. A 1850 wata ƙungiyar taimakon baƙi 'yan Ayilan ta buɗe bankin ajiya na Emigrant a New York. Masu ajiya da yawa ba su iya sa hannu ba, to yaya za a gane mai kuɗi in ya dawo cira? Sai ma'aikacin banki ya buɗe wani littafi, ya zaunar da mutum ya yi masa tambayoyin da ɓarawo ba zai iya amsawa ba: wane ƙauye aka haife ka, mil nawa ne daga gari mafi kusa, wane jirgi ya kawo ka, a wace shekara, sunan mahaifinka, sunan gidan su mahaifiyarka, 'yan'uwanka nawa, wa ke raye, wa ke ina. Abin da aka yi don tsaron kuɗin wata mai wanki shi ne yau ya zama tarihin gidan su gaba ɗaya a shafi guda. Littattafan suna ɗakin karatu na jama'a na New York.

Ga kuma jaridar Pilot ta Boston, wadda daga 1831 har zuwa 1921 take buga cigiyar 'yan'uwa. Mace na neman mijinta da ya tafi aikin shimfiɗa layin dogo ya daina aiko wasiƙa, wa na neman ƙanwarsa da suka rabu a bakin tashar jirgi. Don kada a sami kuskure, mai cigiya kan ambaci ikilisiya da ƙauyen wanda ya ɓata, da shekarar da ya taso, da inda aka yi masa ganin ƙarshe. Dubban irin waɗannan cigiyoyi ne, kuma karanta su na sa jiki ya yi sanyi ko da mutum ba ya neman kowa. Fayilolin fanshon sojojin yaƙin basasar Amurka ma haka, domin gwauruwar da ke neman haƙƙin mijinta dole ta kawo shaidar inda aka ɗaura musu aure. A Ostireliya kuwa takardar shaidar mutuwa ta New South Wales da Victoria kan ɗauki sunan iyayen mamaci da wurin haihuwarsa.

Dutsen kabari ma shaida ne. Lokacin da aka bi sawun Barack Obama ta wajen uwa a 2007, an kai ga wani saurayi, Falmouth Kearney, ɗan wani mai ɗinkin takalma, wanda ya sauka New York a 1850 ya wuce Ohio. Rubutun da ke kan kaburburan danginsa a Ohio ne ya nuna Moneygall, a gundumar da a lokacin ake kira King's County, yau Offaly. Daga nan limamin cocin Angalika na yankin ya duba littattafan da suka rage a hannun ikilisiyarsu ya tarar da dangin. Obama ya ziyarci ƙauyen a watan Mayun 2011. Lura da yadda aka jera aikin: Ohio tukuna, sannan Ayilan.

Wata dabara da ƙwararru ba sa wasa da ita: in kakanka ya yi shiru, tambayi na kusa da shi. Hijirar 'yan Ayilan jan juna ce. Wa ya aiko wa ƙane kuɗin jirgi, ƙane ya jawo ƙanwa, ita kuma ta jawo 'yar maƙwabta, har a wayi gari layi guda a wani garin Amurka rabinsa 'yan ikilisiya ɗaya ne. Wa ya tsaya shaidar aurensa? Su wa suka zama iyayen baftisma na 'ya'yansa? Wa yake haya a gidansa a ƙidayar Amurka ta 1860? Sau tari takardar mutuwar ƙanwarsa ko maƙwabcinsa ce za ta faɗi abin da tasa ta ɓoye.

In an samu ƙauye, sai a haye teku. Rajistar gwamnati ta fara da auren waɗanda ba Katolika ba a 1845, ta game kowa daga 1864. Wanda aka haifa kafin nan, sai littafin coci. Ɗakin karatu na ƙasa da ke Dublin ya saka hotunan littattafan ikilisiyoyin Katolika sama da dubu a intanet a 2015, akasari har zuwa wajen 1880. Amma fa na birane ne ke komawa ƙarni na 18. A yammacin ƙasar, irin su Mayo da Donegal, inda talauci ya fi tsanani kuma aka fi yin hijira, wasu ba su fara ba sai bayan yunwar. Nan ne hanyar mutane da yawa ke ƙarewa, kuma babu dabarar da za ta haifar da littafin da ba a rubuta ba. Abin da ke cike giɓin ƙidaya shi ne littattafan zakkar coci na 1823 zuwa 1837, da ƙiyasin kadarori na Richard Griffith da aka buga tsakanin 1847 da 1864, wanda ya bi ƙauye-ƙauye yana rubuta mai riƙe da kowane gida da gona, da mai ƙasar da yake biya wa haya, da faɗin gonar. Magidanci kaɗai yake ambata, ban da mata da yara, amma yana da taswira.

Sunaye kuma tarko ne. Limamin coci da Latin yake rubutu, sai James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus. Bridget ta Galway na iya zama Delia a Boston, Owen ya zama Eugene. "O" da "Mac" na farkon sunan dangi suna faɗuwa suna dawowa, har Sullivan da O'Sullivan su zama wa da ƙane ciki ɗaya. Al'adar sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, tana taimakawa wajen hasashe, amma ita ce kuma ke sa a sami masu suna ɗaya huɗu a ƙauye ɗaya.

Shekaru kuwa kada a rantse da su. Duba ƙidayar 1901 da ta 1911: za ka ga tsohuwar da ta ce shekararta 55, bayan shekara goma ta ce 72. Ba kuskuren alƙalami ba ne. A 1908 Birtaniya, wadda ke mulkin Ayilan a lokacin, ta kafa fanshon tsofaffi ga wanda ya kai 70, kuma babu takardar haihuwa ga wanda aka haifa kafin 1864. Wasu sun ƙara don su samu, wasu kuwa sai a lokacin suka fara neman sanin shekarunsu na gaskiya. Don tantancewa, jami'ai kan aika a duba sunan mai nema a ƙidayar 1841 ko 1851. Ƙidayar ta ƙone, fom-fom ɗin neman sun tsira, ɗauke da sunan iyaye da ƙauye.

Yanzu ga DNA. Mutum ya tofa yawu a kwalba ko ya goga auduga a cikin kumatunsa, ya aika wa Ancestry ko MyHeritage ko makamantansu, bayan 'yan makonni a ce masa kashi kaza cikin ɗari na jininsa na Ayilan ne. Wannan adadi shi ake ɗauka a hoto a yaɗa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Ƙiyasi ne da kamfani ke yi ta hanyar kwatanta mutum da wasu da ya tara, shi ya sa yake canzawa duk sanda aka sabunta lissafi, kuma raba ɗan arewacin Ayilan da ɗan yammacin Sukotilan abu ne mai wuya, don sun daɗe suna cuɗanya. Gaskiya ne akwai bambancin jini tsakanin yankunan ƙasar: wani bincike da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Dublin da ƙungiyar masu binciken asali suka fitar a 2017, a kan mutanen da duk iyayen kakanninsu takwas 'yan yanki ɗaya ne, ya gano rukunoni goma. Amma rukuni lardi yake nunawa, ko sashen lardi. Ba ya nuna ƙauye.

Amfanin gwajin yana cikin jerin dangin da ya zaƙulo. Ana auna yawan DNA da mutum biyu suka haɗa da ma'aunin santimogan. Uba da ɗa wajen 3,500 ne. 'Ya'yan wa da ƙane wajen 850. Jikokin wa da ƙane wajen 230. Tattaɓa-kunnensu wajen 70. Daga nan abin sai ya sirance: kusan ɗaya cikin goma na wannan mataki na ƙarshe ba sa haɗa komai da na'ura za ta gani, a mataki na gaba kuwa kusan rabi ne. Baƙon zamanin yunwa kan faɗo daidai wannan iyaka. Abin da Obama zai gada daga Falmouth Kearney, a lissafi, kashi ɗaya ne cikin 32. Shi ya sa ake cewa a fara gwada tsoho ko tsohuwar gida tun suna raye, domin kowane hawa ɗaya da aka yi sama, rabon ninkawa yake.

Aikin kansa na haƙuri ne. Za ka ware waɗanda suka haɗa jini da kai kuma suka haɗa da juna, ka bar na sauran rassan gidanku. Sannan ka bi asalin kowannensu, musamman waɗanda kakanninsu suka yi hijira a makare, bayan 1900, ko waɗanda ba su taɓa barin Ayilan ba, domin su sun san ƙauyensu. In biyar cikinsu, ɗaya a Sydney, ɗaya a Chicago, ɗaya a Manchester, duk suka koma ikilisiya ɗaya a Kerry, to an ga bakin zaren. Daga nan sai a koma littafin cocin wurin a nemi baftismar da ta dace da sunan iyayen da takardar Amurka ta faɗa. Sai biyun sun haɗu ake cewa an samu. Akwai tarko a nan ma: a tsibirai da ƙauyukan yamma an yi ƙarnoni ana auratayya tsakanin gidaje ƙalilan, don haka adadin kan kumbura, wanda kake zaton na kusa ne ya zama na nesa ta hanya uku.

Gwajin Y, wanda ke bin layin uba zalla, yana tafiya da sunan dangi, kuma namiji kaɗai ke iya yinsa. Yana iya nuna cewa Kelly ɗinku na Galway ne ba na wani wuri ba, tunda sunan ya tsiro a wurare daban-daban da ba su haɗa kaka ba. Amma a yi hattara da masu sayar da sarauta. A 2006 masana a Kwalejin Trinity sun gano wata alama da kusan namiji ɗaya cikin biyar a arewa maso yammacin ƙasar ke ɗauke da ita, suka danganta ta da zuriyar Uí Néill, gidan sarautar da ake jingina wa wani sarki Niall na ƙarni na biyar. Tun daga nan kowa ya zama jikan sarki. Alamar da miliyoyin maza ke da ita ba za ta gaya maka gonar da kakanka ya noma ba.

Gwajin kuma ba ya rufa asiri. Yana fito da ɗan da aka haifa ba aure aka bayar riƙo, a ƙasar da ta daɗe tana ɓoye irin waɗannan mata da jarirai a gidajen da coci ke kula da su. Yana nuna cewa uban da ke takarda ba shi ne na jini ba. Bayanan kuma a hannun kamfani suke: 23andMe ya sha kutsen da ya taɓa bayanan mutum kusan miliyan bakwai a 2023, ya kuma shigar da takardun fatara a 2025. Mai neman fasfo shi ma ya sani: dokar Ayilan na ba da damar zama ɗan ƙasa ga wanda kakansa ko kakarsa aka haifa a tsibirin, ta hanyar rajistar waɗanda aka haifa a waje, amma takardun haihuwa da na aure take so, hawa-hawa. Kashi tamanin cikin ɗari a allon waya ba ya cikin abin da ake karɓa.

Wanda ya kai ga ƙauye, akwai littafi ɗaya da ya rage masa. Bayan Griffith ya gama ƙiyasinsa, jami'an haraji sun ci gaba da zagayawa suna gyara shi da hannu. In mai gona ya mutu ko ya tafi, sai a ja layi a kan sunansa, a rubuta na wanda ya gaje shi a sama, da tawada mai launi dabam, a sa shekara a gefen shafi da wannan launin. Na gundumomin Jamhuriya suna Dublin, na Ayilan ta Arewa, ɓangaren tsibirin da ke ƙarƙashin Birtaniya, suna Belfast. Mai nema zai buɗe shafin ƙauyensu, ya bi lambar gonar da yatsa: ga sunan mahaifin baƙon an soke da jan tawada, ga na matarsa a sama an soke da shuɗi, ga na ɗan da ya zauna bai tafi ba, ga na surukin da ya karɓa bayansa. Sunan ƙarshe da ba a soke ba, sau da yawa jikokinsa na nan a gidan da ke bakin hanya, kuma lambar gonar ita ce dai ke kan taswira.